Yadda Mai Gona Zai Tare Baƙin Kwari a Farkon Lokacin Zafi, Tun Daga Kan Kayan Aikinsa

Baƙon ƙwaro shi ne wanda ya bar ƙasarsa ta asali ya sauka inda babu tsuntsaye da zanzaro da cututtukan da suka saba rage yawansa, saboda haka yake hayayyafa babu mai taka masa birki. Tsutsar masara da masana ke kira Spodoptera frugiperda daga nahiyar Amurka ta fito, aka fara ganinta a Afirka ta Yamma a farkon 2016, ta isa Indiya a 2018, ta kai Ostareliya a 2020. Tsutsar tumatir mai suna Tuta absoluta kuwa daga Kudancin Amurka ta tsallaka zuwa Sifen a 2006, kafin ta bazu a Turai da Afirka da Asiya. Wasu daga cikin kwarin nan da fikafikansu suke tafiya, babu kuma shingen da zai tare su. Amma da yawansu a jikin taya da tirela da akwatin dashe da tsohon buhu suke shiga gona, kuma wannan ƙofar a hannun mai gona take. Farkon lokacin zafi, sa'ad da shuka take ƙarama, ƙwai ke ƙyanƙyashewa, injuna kuma ke yawo daga wannan gona zuwa waccan, shi ne lokacin da ya kamata a tsare ta.

Mataki na farko shi ne wanke duk wani injin da zai shiga gonar, na mai gonar ne ko na haya, kuma na hayar ya fi bukatar a sa masa ido, domin babu wanda zai iya lissafa gonakin da ya taka a makon da ya wuce. Dalilin wankin yana cikin ƙasar da ke maƙale a jikin ƙarfe. Tushen ƙuduji guda yana zubar da dubun dubatan ƙwayoyin iri masu ƙanƙanta kamar ƙura, waɗanda kan yi fiye da shekara 10 a cikin ƙasa suna jiran saiwar hatsi, don haka dunƙulen laka ɗaya a bakin garma ya isa ya dasa shi a gonar da ba ta taɓa saninsa ba. Haka ƙananan tsutsotsin saiwa da ido ba ya gani, irin wadda ke addabar waken soya da aka fara ganowa a jihar North Carolina ta Amurka a 1954, da ƙasa suke tafiya.

A keɓe wuri guda na wanki a kusa da mashigar gona, mai tauri ko mai tsakuwa, nesa da rijiya da rafi da magudanar da ke kai ruwa cikin shuka. A sauke garma ko haro ƙasa, a kashe injin, a zare makulli, kafin kowa ya sa hannu a ƙarƙashinsa. Ana fara aikin ne a bushe: a kankare laka da ƙarfe ko buroshi mai tauri daga tsagogin taya, da bayan wili, da ƙarƙashin madigadi, da faifan haro, da matakala, da shimfiɗar da direba ke taka ƙafa. Bayan haka a busa iska a ragar lagireto da saman injin, inda ƙaiƙayi da irin ciyawa ke taruwa, wanda kuma yana da wata fa'idar a lokacin zafi, tunda ragar da ta toshe ita ce kan sa tarakta ta yi zafi a tsakiyar aiki. Sai daga nan a kawo ruwa mai ƙarfi, a wanke daga sama zuwa ƙasa, a kauce wa wayoyin lantarki da wuraren giris, a sake sa giris inda ruwa ya taɓa. Wanda ya fara da ruwa kafin kankarewa yakan tura laka cikin lunguna ne kawai. Maganin kashe ƙwayoyin cuta ma ba ya aiki a kan datti, sai a kan ƙarfen da aka riga aka tsaftace. Wurin wankin nan kuma a riƙa dubansa duk kakar, domin duk baƙuwar ciyawar da ta biyo injin a nan za ta fara tsirowa, sai a tumɓuke ta kafin ta yi fure.

Yayin wankin a duba ƙasan tirela da katakon ɗora kaya da duk abin da ya daɗe a ajiye a waje. Ƙwaron nan mai ɗige-ɗige a fikafiki, Lycorma delicatula, ɗan asalin ƙasar Sin wanda aka gano a jihar Pennsylvania a 2014 yana ɓarna a gonakin inabi, yana yin ƙwai 30 zuwa 50 a dunƙule a kan dutse ko ƙarfe ko katako, ya rufe su da wani abu mai launin busasshiyar laka, har mutum ya wuce bai lura ba. Irin wannan dunƙulen a kankare shi cikin leda mai sifirit, kada a bar shi ya faɗi ƙasa. Ƙananan kayan hannu ba su da wahala: fartanya da shebur da takalmin aiki a goge musu ƙasa, almakashin sassabe kuma a shafe shi da sifirit mai ƙarfin kashi 70 cikin 100 tsakanin bishiya da bishiya. Ruwan bilic kashi 1 a cikin ruwa kashi 9 ma yana yi, sai dai yana cin ƙarfe, don haka a ɗauraye a shafa mai bayan an gama.

Mataki na biyu shi ne bincikar abin da ake shigowa da shi da hannu. Dashen tumatir ko barkono ko itatuwa da aka sayo a ajiye shi gefe, nesa da lambu, na mako ɗaya zuwa biyu, ana juya ganyensa ana duba bayansa. Idan an ga farin tabo mai faɗi a cikin ganyen tumatir, aka ɗaga shi ga rana aka hango 'yar tsutsa da baƙin kashinta tsakanin fatun ganyen biyu, to Tuta absoluta ce, kuma hasarar wannan dashen ta fi sauƙi a kan hasarar lambun gaba ɗaya. Akwatuna da kwandunan da suka je kasuwa a wanke su a shanya a rana kafin su koma gona. Itacen wuta daga nesa, da ciyawar dabbobi, da takin da bai ruɓe sosai ba duk suna ɗauke da kwari ko irin ciyawa. Ƙwaron da ya kashe miliyoyin itatuwa irin waɗanda ake kira ash da Turanci a Arewacin Amurka tun da aka gano shi a Michigan a 2002, jigilar itacen wuta tana cikin abubuwan da suka yaɗa shi.

Mataki na uku gajere ne. Idan wani sashe na gonar ya riga ya kamu, a fara aikin yini da sashen da yake lafiya, a ƙare da wanda ya kamu, sannan a wanke injin kafin a ajiye shi.

Mataki na huɗu shi ne zagayen dubawa, aƙalla sau ɗaya a mako tun daga tsirowar shuka, da sassafe ko da yamma lokacin da tsutsa take fitowa fili. Kada a tsaya a bakin gona a yanke hukunci, domin gefe yakan bambanta da ciki. A shiga 'yan taku, a bi gonar a karkace ana komawa dama da hagu, a tsaya a wuri 5, a kowane wuri a duba tushe 10 a jere, a rubuta nawa ne suka kamu cikin 50. A masara, alamar farko ita ce ƙananan tagogi a ganye, inda jaririyar tsutsa ta kankare koren ta bar siririyar fata. Daga baya sai ramuka masu yage-yage, da kashi mai kama da dusar katako a tsakiyar shukar inda sabon ganye yake naɗe. A buɗe wannan naɗin a hankali. Tsutsar da ake nema tana da zane mai haske a goshi mai siffar harafin Y a kife, da ɗigo 4 baƙaƙe da suka yi murabba'i kusa da wutsiya. Ƙwanta dunƙule ne na 100 zuwa 200, lulluɓe da gashi mai launin toka, kuma cikin kwana 2 zuwa 3 yake ƙyanƙyashewa idan ana zafi. Daga ƙwai zuwa uwa mai tashi da dare kusan kwana 30 ne, shi ya sa sakacin mako biyu yake da tsada. Tarko mai ƙamshin mace da ke jawo namiji yana da amfani wajen sanar da isowar ƙwaron, amma a ganina kuskure ne a dogara da shi a daina shiga gona, domin tarko ba ya faɗin yawan shukar da ta kamu.

Mataki na biyar shi ne yanke shawara bisa abin da aka ƙirga. A ƙaramin lambu, murƙushe ƙwai da tsince tsutsa da hannu sau biyu a mako yana rage ɓarna ƙwarai ba tare da an kashe tururuwa da zanzaro da ke taya mai gona aiki ba. A babbar gona, jagororin aikin gona da dama suna ba da shawarar ɗaukar matakin magani idan kimanin kashi 20 cikin 100 na masara ƙarama ya nuna sabuwar ɓarna, wato tushe 10 cikin 50 da aka duba. Idan kuwa ƙwaron da aka gani baƙo ne ba a san shi ba, a ɗauki hotonsa, a sa ɗaya cikin kwalba mai sifirit, a kai wa malamin gona ko hukumar kula da lafiyar tsirrai, kada a kai shi wani wuri da rai.

Mataki na shida, idan feshi ya zama dole, shi ne auna famfon kafin a zuba masa magani, abin da mutane da yawa ke tsallakewa. A auna fili mai tsawon mita 10 da faɗin mita 10, a cika famfon da ruwa zalla, a fesa filin da irin tafiya da matsin da za a yi aiki da su, sannan a auna ruwan da aka ƙara kafin famfon ya sake cika. A ninka wannan adadi sau 100, shi ne litar da hekta ɗaya za ta ci. Idan lita 2 aka ƙara, hekta tana bukatar lita 200, wato cikin famfo mai lita 16 sau 12 da rabi, kuma a kan wannan lissafi za a raba adadin maganin da aka rubuta a jikin kwalba. Bakin famfon da ya ci, har yana fitar da ruwa fiye da sabo da kashi 10 cikin 100, a canja shi, kuma kada a huda shi da waya ko a busa shi da baki. A nufi tsakiyar shukar inda tsutsa take ɓoye, a yi feshin da yamma lokacin da iska ta kwanta kuma ƙudan zuma sun koma gida. Maganin Bt, wanda ake yi da wata ƙwayar bakteriya mai kashe tsutsa, da na dogon yaro sun fi cin ƙaramar tsutsa, hasken rana kuma yana rage musu ƙarfi da wuri. Sauran magunguna suna da lambar rukuni a jikin kwalba, wadda ke nuna hanyar da maganin yake bi ya kashe ƙwaro: emamectin benzoate rukuni na 6, spinetoram na 5, chlorantraniliprole na 28. Canja sunan kamfani ba canjin magani ba ne. Rukunin ake canjawa daga zuriyar ƙwaro zuwa ta gaba, domin duka tsutsar masara da ta tumatir sun riga sun saba da wasu magunguna a ƙasashe da yawa.

A sa safar hannu da takalmi da abin rufe hanci da riga mai dogon hannu, a kuma kiyaye kwanakin da aka rubuta tsakanin feshi da girbi. Idan maganin ya ƙare a kwalba, a ɗauraye ta sau uku a juye ruwan cikin famfon, a huda ta don kada wani ya zuba abin sha a ciki. Famfon maganin ciyawa a ware shi daban a yi masa alama, domin ragowar da ta maƙale a tiyo tana iya ƙone tumatir. Kwana 3 zuwa 5 bayan feshi a sake zagayen wuri 5 ɗin nan, a rubuta sabon adadin kusa da na baya tare da kwanan wata da rukunin maganin da aka yi amfani da shi.