Kurakuran da ke cinye wa sabon ganduroba shekarunsa

Duk lokacin da aka turo mana sababbin yara daga makarantar horo ta Kaduna, sai in ga suna faɗawa ramin da muka faɗa. Na gaji da jan su gefe ɗaya bayan ɗaya a bakin get, shi ya sa na zauna na rubuta.

Bari in fara da wanda ya fi yi mini ciwo: ƙaro karatu ba tare da izini a rubuce ba. Aikin nan hawa uku ne. Mai takardar sakandare yana shigowa a rukunin mataimaka, mai NCE ko ƙaramar difloma a rukunin insifeta, mai digiri kuma a rukunin sufritanda daga mataki na 08. Tsarin albashinmu, wato CONPASS, mataki yake bi, don haka kowa yana son tsallakawa. Ni ma na so. Na je wajen ogana na ce ina son yin digiri na ƙarshen mako, ya ce, "Je ka, Allah ya ba da sa'a." Na ɗauki wannan a matsayin izini. Shekara huɗu ina musayar aikin dare da abokai, in sauka daga hasumiya da asuba, in wanke fuska, in hau mota zuwa aji ido jajur. Ranar da na kai takardata don a sauya mini rukuni, mai duba fayil ya juya shafuka har ƙarshe, ya ɗago kai ya ce, "Ina takardar izininka?" Ogan nan ya riga ya yi ritaya. Sa'o'ina da suka bi hanya suka saka tauraro, ni kuwa na ci gaba da sara musu. Har yau idan na tuna sai zuciyata ta yi zafi.

Ƙannena, maganar baki ba ta shiga fayil. Ka rubuta buƙatarka, ta bi ta hannun shugaban gidan yarinku zuwa hedikwatar jiha, kuma kada ka biya ko sisi na rajista sai amsa ta dawo da hatimi. Ni yanzu kowace takarda kwafi uku nake yi: ɗaya a ofis, ɗaya a akwatina, ɗaya a ƙauye wajen yayana.

Na biyu shi ne barin aiki cikin fushi. Na san dalilin. Aikin dare, cunkoson waɗanda ke jiran shari'a, ga fargabar da ta shiga zukata tun harin gidan yarin Kuje na Yulin 2022, sannan a fitar da sunayen ƙarin girma babu naka. Amma ka san ƙa'idar aikin gwamnatin tarayya shekara biyu ce mafi ƙaranci a kan mataki na 06 zuwa ƙasa, uku daga 07 zuwa 14, kuma sai ka ci jarrabawa, sai kuma akwai gurbi. Wani yaro da na horar ya ajiye kakinsa a kan gado ya tafi ba sallama, saura wata biyar ya cancanci zama jarrabawa. Aka rubuta shi a wanda ya gudu daga aiki, aka kore shi. Me ya hana ka rubuta takardar ajiye aiki? Me ya hana ka nemi sauyin ma'aikata shekarunka su bi ka? Haba! Ko fanshonka ba ka tuna ba? Kashi 8 ake cira daga albashinka, gwamnati ta ɗora 10, kuma dokar 2014 ta ba wanda ya rasa aiki bai kai shekara 50 ba damar karɓar kashi 25 na abin da ke asusun fanshonsa bayan wata huɗu bai samu wani ba.

Sauran a taƙaice. Kada ka bari ranar haihuwarka ta bambanta tsakanin fayil, IPPIS (tsarin biyan albashi na gwamnatin tarayya) da NIN, domin ritaya shekara 35 ce a aiki ko 60 a duniya, kuma a ranar za a tono maganar. Kada ka ci bashin da ake cira daga albashi don an ce ƙarin girma na tafe; kuɗin bayan da ake bi yakan daɗe. Shigar wa fursuna waya ko ƙwaya kuwa, kora ce, ba sai na tsaya a kai ba. Fom ɗin auna ƙwazo na shekara, ka cike shi da hannunka, ka tsaya har oga ya sa hannu.

Takardar albashi kuma, ni duk watan Janairu nake ɗora ta kusa da ta bara in duba ko ƙarin shekara ya shiga. Sau biyu na tarar bai shiga ba, kuma nan take na rubuta ƙorafi aka gyara.