Yadda ake saita shigar amfilifaya mai kwalba

'Yan uwa masu rediyon amato (rediyon sadarwa na 'yan sha'awa) a Garwa da Marwa, in rediyonka na rage karfi da zarar ka jona amfilifaya (na'urar kara karfin sigina), duba da'irar shiga, rediyo om 50 yake nema (om ma'aunin turjiyar lantarki ne), kwalbar 3-500Z guda kuma (bututun gilashin da ke kara karfi) wajen om 115 take nunawa a katod, wato kafar da sigina ke shiga.

Da farko zare wuta, ka sauke cajin manyan kafasito (masu ajiye caji) da sandar da aka jona da jikin akwatin, don Allah kar ka yi wasa da wannan, bolt 3000 na kisa nan take.

Sai ka hada da'irar pi, koyil daya a tsakiya, kafasito na ma'adinin mika (mica) biyu gefe da gefe, Q (ma'aunin kaifin saitin da'irar) ya tsaya 2 ko 3. A zangon mita 40 kafasiton bangaren rediyo wajen pF 900 ne (pF, wato pikofarad, ma'aunin kafasito), a mita 20 rabin haka.

Sa resisto mai om 115 daga katod zuwa jikin akwatin, danne rilen shiga (makunnin da ke sada rediyo da da'irar), jona na'urar awo NanoVNA a mashigar amfilifaya, ka rika murda zuciyar koyil da sukundireban roba a hankali har SWR (ma'aunin rashin daidaito tsakanin rediyo da da'irar) ya sauka kasa da 1.5.

Cire resiston da NanoVNA din, rufe murfi, jona rediyon da domi lod (resiston gwaji a madadin eriya), ka sake aunawa da cikakken karfi, domin om din kwalba na canzawa in tana aiki.