Yadda za ka saba da tagar umarni bayan ka koma Linux

Wanda ya baro Windows zai fara neman C: ya rasa. A Linux komai yana ƙarƙashin tushe guda, wato /, fayilolinka kuma suna cikin /home.

A Ubuntu, ɗaya daga cikin nau'o'in Linux, danna Ctrl+Alt+T, tagar umarni (terminal), wato inda ake rubuta wa kwamfuta umarni, za ta buɗe. Rubuta pwd ka ga inda kake, ls ka ga abin da ke wurin, cd da sunan folda ka shiga, cd .. ka koma foldar da ke sama da wadda kake ciki. Ka lura, Linux na bambanta babban harafi da ƙarami: Downloads daban, downloads daban. Idan suna yana da tazara a tsakiya, sa shi cikin alamar zance, in ba haka ba za a ɗauke shi sunaye biyu. Mafi sauƙi, rubuta farkon sunan ka danna Tab ya ƙarasa maka.

Wajen girka manhaja, fara da sudo apt update, sannan sudo apt install da sunanta. Da yake sudo na ba umarni ikon mai kula da kwamfutar, zai nemi kalmar sirrinka, amma ba ta bayyana yayin da kake bugawa. Ba matsala ba ce, danna Enter kawai.

Ka yi hattara sosai da rm, umarnin goge fayil. Abin da ya goge ba ya zuwa kwandon shara, ya tafi ke nan. Yi amfani da rm -i, zai tambaye ka tukuna. Kuma kada ka liƙa umarnin da ke farawa da sudo alhali ba ka san aikinsa ba. Rubuta man da sunan umarnin ka karanta bayaninsa, ka fita da q.

Ctrl+C a nan tsayar da aiki yake yi. Kwafa kuwa Ctrl+Shift+C ne, liƙawa Ctrl+Shift+V.