Yadda za ka shiga Safe Mode idan kwamfutarka ta rikice

Safe Mode yanayi ne da Windows ke tashi da abin da ya zama dole kawai. Idan kwamfutar tafi-da-gidanka ta yi lafiya a can, to laifin galibi na wata manhaja ce da aka ɗora mata.

A Windows 7, F8 ake latsawa lokacin kunnawa. A Windows 10 da 11 ga yadda ake yi:

1. Danne Shift ka riƙe, sannan ka latsa Restart.
2. A allon da ya fito zaɓi Troubleshoot, sai Advanced options, sai Startup Settings, sai Restart.
3. Latsa 4. Idan kana buƙatar intanet, latsa 5.

Idan kuwa ta ƙi tashi sam, kunna ta, da zarar tambari ya bayyana ka danne maɓallin wuta har ta mutu. Yi haka sau biyu ko uku, ita da kanta za ta buɗe allon gyara.

Cikin Advanced options ɗin nan akwai Startup Repair, fara da shi. System Restore yana mayar da ita yadda take a baya ba tare da taɓa takardunka ba, ni shi na fi so. Amma don Allah kada ka yi gaggawar latsa Reset this PC, yana share manhajojinka duka.

Idan tana da BitLocker, wato tsarin Windows mai kulle bayanan da ke cikin kwamfuta, za ta iya neman makulli mai lambobi guda 48. Nemi makullin a asusunka na Microsoft tun kafin ka fara.