Kurakuran da Aka Fi Yi Idan Tsohuwar Sigar Python Ta Daina Samun Kulawa

A ranar 1 ga Janairun 2020 masu kula da Python, harshen rubuta manhajar kwamfuta, suka daina gyara siga ta 2, bayan an ɗage wa'adin daga 2015 saboda jama'a ba su shirya ba. Siga ta 3 ta fito tun Disamban 2008, amma duk da wannan dogon lokaci, kurakuran da aka tafka a wancan sauyi su ne ake maimaitawa duk lokacin da wata siga ta kai ƙarshen wa'adinta, kamar 3.8 a Oktoban 2024.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗaukar cewa tunda manhaja tana aiki, babu abin damuwa. Ƙarewar wa'adi ba ta kashe manhaja. Abin da ke tsayawa shi ne toshe ɓarakar tsaro da ake ganowa daga baya. Sannan kayan aikin da ke kewaye da harshen suna janyewa ɗaya bayan ɗaya: Django, kayan aikin gina shafukan intanet, ya bar siga ta 2 tun fitowar 2.0 a 2017, pip, mai girka ƙunshin manhajojin Python, kuma ya bi sahu da 21.0 a Janairun 2021. Maganin shi ne a rubuta ranar ƙarewar sigar da ake amfani da ita cikin jadawalin aiki, domin kowace sabuwar siga ta Python 3 kulawar shekara 5 take samu, kuma ana sanar da ranar tun farko.

Na biyu, wanda a ganina ya fi jawo asara, shi ne miƙa aikin baki ɗaya ga 2to3, kayan aikin da ke juya tsohon rubutun manhaja zuwa sabo. Yana gyara abin da ke bayyane, kamar yadda ake rubuta print, umarnin nuna rubutu a allo, amma ba ya sanin manufar mai rubutu. A siga ta 2, idan aka raba 7 da 2 amsar 3 ce, a siga ta 3 kuwa 3.5 ce, kuma manhajar ba za ta yi ƙorafi ba, sai dai lissafin ya sauya shiru, wanda a manhajar albashi ko ta kaya ba ƙaramin abu ba ne. Inda ake son tsohuwar amsa sai a yi amfani da alamar //. Batun rubutu ya fi wannan wuya, kuma ya shafi mai aiki da bayanan Hausa kai tsaye. Siga ta 2 tana ƙirga kalmar "ƙasa" a matsayin 5 idan an adana ta da UTF-8, tsarin adana haruffa a kwamfuta, domin harafin ƙ yana cin bayit 2, wato gurbin ajiya biyu, siga ta 3 kuma tana ƙirga haruffa 4. Duk wurin da aka yanke suna bisa tsawonsa ko aka kwatanta shi da wani yana iya ba da sakamako dabam. Haka nan idan aka buɗe fayil ba a faɗi encoding="utf-8" ba, a Windows haruffan ɓ, ɗ da ƙ sukan fito a dagule. Saboda haka ya kamata a rubuta gwaje-gwaje tun manhajar tana kan tsohuwar siga, a saka musu sunaye masu waɗannan haruffa, sannan a yi sauyin. Shi kansa 2to3 an cire shi daga Python 3.13.

Masu wallafa ƙunshin manhaja da wasu ke dogaro da shi suna da nasu kuskuren: su daina goyon bayan tsohuwar siga ba tare da sun cika python_requires ba, wato layin da ke faɗin sigogin Python da ƙunshin ke aiki da su. Wannan layin ne ke gaya wa pip, daga 9.0 zuwa sama, ya ba mai tsohuwar siga fitowar ƙarshe da ta dace da shi. Abin da ba a cika lura da shi ba shi ne, idan fitowa mara wannan layi ta riga ta fita, gyara ta gaba ba ya wadatarwa, domin pip zai tsallake gyararriyar ya ɗauko waccan mai matsalar. Dole a janye ta daga PyPI, rumbun intanet da pip ke ɗauko ƙunshi daga ciki.

Akwai kuma masu zafin nama da ke goge tsohon Python daga sabar, wato kwamfutar da ke ɗauke da manhajar, ko su karkatar da umarnin python zuwa siga ta 3. A CentOS 7, wani nau'in tsarin sarrafa kwamfuta na Linux, wannan yana karya yum, kayan aikin girka manhajoji, domin da siga ta 2 aka rubuta shi. A bar Python ɗin tsarin yadda yake, a girka sabon a gefensa, a ware wa kowane aiki muhallinsa da venv, kayan aikin Python da ke yin hakan.