Yadda za ka sa mai mota ya gan ka in kana kan keke da dare a Yamai

Gyaran keke ne sana'ata, a nan Bukoki nake zama da kayan aikina, kuma cikin kekunan da ake kawo mini kaɗan ne ke zuwa da danjarsu lafiya, wato jar robar nan ta baya mai mayar da hasken fitila. Ko ta fashe, ko ta karkace tana kallon ƙasa, ko an ɗaura buhu a kariya ya rufe ta ruf. Mutum zai biya kuɗin faci ba gardama, amma ka ce masa ya sa danja, sai ya ce ai yana ganin hanya. Malam, ba ganinka ake magana ba. Kai kana hango fitilar mota tun daga nesa, shi ya sa kake zaton direban ma ya hango ka. Bai hango ka ba.

Ga lissafin. Motar da ke gudun kilomita 60 a awa tana cin kusan mita 17 a kowace daƙiƙa. Kafin direba ya gane abin da ke gabansa, ya taka birki, motar ta tsaya cak, ta ci mita 35 ko fiye, a kan kwalta mai kyau ke nan, ba wadda rairayi ya hau ba. Mai baƙaƙen kaya kuwa, in motar na kan ƙaramar fitila, sai an zo kamar mita 30 ake ganinsa. Danja mai tsabta ana hango ta daga fiye da mita 100.

Danja ba ta da wutar kanta, aro take yi. In ka juya bayanta za ka ga ƙananan kusurwoyi jere, kowace da fuska uku kamar lungun ɗaki. Haske ya shiga, ya bugi fuskokin nan, ya koma daidai inda ya fito. Idon direba yana kusa da fitilarsa, shi ne yake ganin ta yi jawur. Saboda haka dole ta tsaya a miƙe tana fuskantar baya sosai. Ɗaure ta da kusa mai noti a jikin kariya ko ƙarƙashin sirdi, kada ka bar ta tana lilo a waya. In kana ɗaukar kaya, wurinta ƙarshen kariya, ƙasa da kayan, inda babbar riga ma ba za ta sauko ta rufe ta ba. Lokacin hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, ƙurar kwana biyu ta isa ta dushe ta; tsumma mai ɗan ruwa kafin ka fita, shi ke nan. Wadda ta tsage a canza ta, domin da ruwa ko ƙasa sun shiga cikin kusurwoyin nan ta gama aiki, ko da daga waje tana nan da kyanta. Ka kuma san cewa direban kamiyo yana zaune can sama nesa da fitilunsa, hasken da ke komo masa bai kai na mai taksi ba.

Ja a baya, fari a gaba, rawaya a feda da cikin wayoyin ƙafa. Kada a cakuɗa. Na sha ganin samari sun sa ja a gaba don ado, direba kuwa in ya ga ja, ɗauka yake abin tafiya yake yi gaba, ba tahowa ba.

Ni a wurina na feda sun fi kowanne daraja, su ne kuma aka fi rainawa. Ɗigon ja guda a duhu zai iya zama komai, har da amalanken da aka ajiye. Amma haske biyu masu hawa da sauka, nan take ƙwaƙwalwa ke cewa mutum ne a kan keke. In fedarka ba ta da su, nemi tef ɗin nan mai walƙiya da ake liƙa wa manyan motoci, ana samunsa a Katako, ka liƙa a gaba da bayan feda, ka yanki wani ka ɗinka a ƙyalle ka riƙa ɗaurawa a idon sawu. Yana kuma hana wando shiga sarƙa. Jile, 'yar rigar nan mai ruwan ɗorawa da ake ɗorawa a kan kaya, da rana launinsa ke aiki. Da dare layukan azurfar nan kawai ake gani, don haka wanda wanki ya cinye layukansa ya zama riga kawai.

To amma duk wannan sai an haska ka. Mai moton da fitilarsa ta mutu, mai tafiya a ƙasa, motar da ke fitowa daga lungu fitilunta na kallon wani gefe, babu wanda danja za ta yi wa magana. Dole fitila: fara a gaba, ja a baya, kuma haka yarjejeniyar Biyana ta 1968 kan zirga-zirgar hanya ta tanada wa keke. Na fi son ƙananan nan da ake cajinsu da wayar salula a kan dinamo, don dinamo da ka tsaya a mahaɗa sai ya mutu, daidai inda ka fi bukatarsa. In babu hali, tocila mai pil a ɗaure ta da robar tsohon tib a kan keke, a ɗan sunkuyar da ita kada ta kashe wa mai tahowa ido. Riƙe salula a hannu ana haskawa, wannan hannun birki ne aka ba da.

Kunna tun kafin kiran magariba. Almurunmu gajere ne, kuma a lokacin kowa ke sauri, balle da azumi. Bi hannun dama, kada ka yi sama da hanya don gajarta tafiya. A Gadar Kennedy, in za ka tsallaka Harobanda, hanyar matsattsiya ce: riƙe layinka, kada ka kutsa ta damar babbar mota, direban ba ya ganin wurin.

In ka gama ɗaurawa, gwada. Jingina keken a bango da dare, ka ja baya taku hamsin, ka kara tocila a gefen idonka, ka haska shi ta baya, ta gaba, ta gefe. Tocilar sai tana dab da ido. In ka riƙe ta a ƙugu, danja mai kyau ma za ta yi kamar matacciya. Gefen da bai amsa ba, nan ne za ka ƙara tef.