Darasi na 7: Gawayin Mai Tsire da Dokar Itace

Karanta a hankali.

Duk mai gasa tsire a Makka ko Jidda ya san gawayin samur, ya san garwashinsa na daɗewa bai mutu ba. Samur bishiyar daji ce mai ƙaya, dangin bagaruwa. A ƙasar da ruwan sama bai da yawa, tana shekara da shekaru kafin ta yi girman da za a sha inuwarta. In aka sare ta, raƙuma da awaki sun rasa ganye, ƙudan zuma sun rasa fure, iska kuma ta yi ta kwasar ƙasa. Buhu ɗaya kake gani a gaban tukuba, amma bishiya ce ta tafi.

A shekarar 2020 Saudiyya ta kafa Dokar Muhalli. An hana sare itatuwan ƙasar, an hana cinikin itacensu da gawayinsu. Tarar sare bishiya ɗaya na iya kai riyal 20,000. Wanda ya yi dakon itacen ko gawayin, ko ajiya, ko sayarwa, tararsa na iya kai riyal 16,000 a kan kowace kubik mita, wato cikin akwati mai mita ɗaya a tsawo, faɗi da tsayi. Wanda ya hura shi don sana'a, kamar mai tsire ko mai gidan abinci, tasa na iya kai 32,000 a kan kowace kubik mita. Jami'an tsaron muhalli ke kame. Gawayin da aka shigo da shi daga waje, shi ba a hana ba.

Ku karanta wannan hira, mutum biyu-biyu.

"Kawu, wani mai mota ya kawo gawayi da araha."
"Buhun na da rubutu, ɗana?"
"Babu, tsohon buhun shinkafa ne."
"To, a kai kasuwa. Je shago mai lasisi, ka duba sunan ƙasar da aka yi shi a jikin buhu, ka karɓo rasit. Araha ba ta ado."

Wannan rasit, don Allah a adana shi. Shi zai yi maka magana ranar da aka zo bincike.

Aiki

1. Rubuta da haruffa: 16,000, 20,000, 32,000.
2. Wani ya sare bishiya 3. Tararsa na iya kai riyal nawa?
3. Duba buhun gawayin gidanku ko na rumfarku. Kwafo sunan ƙasar da ke jikinsa, ka kawo aji gobe.